Yadda ake shirya alƙaluman kasafin kuɗin birni kafin nazari da zane

"Malam, ina aiki da wata ƙaramar ƙungiya mai bibiyar yadda hukumar birni ke kashe kuɗi. Mun samu kasafin shekara uku, biyu a PDF, ɗaya a Excel. Na kwafe su duka cikin tebur guda, amma da na tara sai jimlar ta kusa ninka wadda ke rubuce a takardar sau uku. Ga shi kuma sunayen sassa ba ɗaya ba ne daga shekara zuwa shekara. Ta ina zan fara gyara, kuma wane irin zane ya fi dacewa mu nuna wa jama'a?"

Malama, tambayoyi uku kika haɗa wuri guda: me ya kumbura jimlar, yaya za a daidaita shekarun da sunayen sassansu suka saɓa, sannan wane zane ya dace. Ta ukun ta fi sauƙi, kuma ita za ta jira. Sai teburin da kika gina ya tara daidai da jimlar da hukumar ta buga, sashe bayan sashe, shekara bayan shekara, kafin a yi maganar zane. In ba haka ba, kitso za a yi da ƙwarƙwata.

Tushen matsalar shi ne ba don kwamfuta aka rubuta takardar kasafi ba. An tsara ta ne don 'yan majalisar birni su karanta su amince. Shi ya sa kanun sashe, layukan kashe kuɗi, ƙananan jimloli da babbar jimla duk suke jere a ginshiƙi ɗaya, ba abin da ya raba su sai kaurin rubutu ko ɗan matsawa daga gefen shafi. Ido na gane wannan bambanci nan take. Excel kuwa lamba kawai yake gani, duk abin da aka ba shi sai ya tara.

Abin da ya ninka jimlar

Ninki ukun da kika samu ya riga ya nuna inda cutar take. A ce sashen lafiya yana da rassa huɗu, kowane reshe da layukansa: albashi, man mota, gyaran gini, magunguna. Takardar za ta kawo kowane layi, ta kawo jimlar reshe a ƙarƙashinsu, ta sake kawo jimlar sashen gaba ɗaya. Kuɗin guda ne, amma ya bayyana sau uku. Da kin haɗa da babbar jimlar ƙarshen takarda, da ninki huɗu za ki gani. Abin da ya hana naki cika uku cif, a mafi yawan lokuta, shi ne akwai ƙananan sassan da ba su da rassa, kuɗinsu sau biyu kawai ya fito.

Kada ki goge layukan jimlar, za ki neme su nan gaba. Ki buɗe sabon ginshiƙi mai suna "nau'in layi", kowane layi ki rubuta masa ɗaya daga cikin uku: asali, jimla, ko kanu. Layukan asali kaɗai ake tarawa. Na jimla a ajiye su a shafi daban, su ne ma'aunin da za ki gwada aikinki da shi. In kasafin yana ɗauke da lambobin asusu, aikin ya zo da sauƙi, domin galibi layin jimla lambarsa ta fi gajarta ko ta ƙare da sifili: 2100 uwa ce, 2101 da 2102 'ya'yanta ne.

Bayan wannan akwai maimaicin da ya fi ɓuya. Takardu da yawa suna nuna kuɗin nan guda ta fuska biyu ko uku: sau ɗaya bisa sashen da zai kashe, sau ɗaya bisa irin abin da za a kashe a kai, sannan a kawo jerin manyan ayyuka a ƙarshe, alhali an riga an lissafa su cikin sassan. Ki zaɓi teburin da ya fi zurfin bayani ya zama shi ne asali, sauran su koma cikin ma'auni.

Wanda ya fi duka wahalar kamawa shi ne kuɗin da hukuma ke turawa daga wani asusunta zuwa wani. Biranen Amurka suna raba kuɗinsu asusu-asusu: babban asusun gudanarwa, asusun ruwa, asusun biyan bashi, asusun manyan ayyuka. In babban asusu ya tura miliyan 10 zuwa asusun manyan ayyuka, a can an rubuta su a matsayin fita, a nan a matsayin shiga, kuma ranar da aka biya ɗan kwangila sai a sake rubuta su a matsayin fita. A Faransa kasafin ƙananan hukumomi kashi biyu ne, na gudanarwa da na zuba jari, kuma akwai layin da ke ɗauke rarar na farko zuwa na biyu. Ba wanda ya karɓi wannan kuɗi a waje. Ki sa wa irin waɗannan layuka alama ta musamman. In asusu guda kike nazari, ki bar su. In birnin gaba ɗaya kike so, ki cire su daga ɓangarorin biyu, sannan ki tabbatar abin da kika cire a fita ya yi daidai da abin da kika cire a shiga.

Kowace lamba, a san ko wace ce

Kalmar "kasafi" tana rufe lambobi aƙalla huɗu da ba su da kama da juna. Akwai abin da shugaban hukuma ya gabatar, akwai abin da majalisa ta amince da shi, akwai abin da aka koma bayan ƙwarya-ƙwaryar kasafi ko sauya wa kuɗi gurbi a tsakiyar shekara, akwai kuma abin da aka kashe a zahiri. Wasu rahotanni suna ƙara na biyar, wato kuɗin da aka ɗaure da kwangila amma ba a biya ba tukuna. Babu kuskuren da ya fi yawa a zane-zanen kasafi kamar ɗora abin da aka amince da shi bana kusa da abin da aka kashe bara, a ce kuɗin sashe ya ƙaru.

Ga misalin yadda abin ke juya labari. A ce an amince wa sashen hanyoyi miliyan 200, a tsakiyar shekara aka rage zuwa 120, aka kashe 110. In kika auna da na farko, kashi 55 cikin ɗari aka aiwatar. In kika auna da na biyu, kusan kashi 92 ne. Duka biyun gaskiya ne, amma labari biyu ne daban. Ni dai nakan fi son a nuna duka ukun a jere, domin ragin da aka yi a tsakiyar shekara shi kansa labari ne, kuma wani lokaci shi ne babban labarin.

Ki lura da wata dama da mutane ke tsallakewa: takardar kasafin bana sau da yawa tana ɗauke da ginshiƙin bara, ko abin da aka amince da shi ko abin da aka kashe. To takardunki uku suna iya ba ki fiye da shekara uku, kuma shekara guda tana iya fitowa a takarda biyu da lambobi mabambanta. In haka ta faru, ki ajiye duka biyun, ki rubuta takardar da kowace ta fito. Ga abin da aka kashe, wanda mai binciken kuɗi ya tantance ya fi ƙarfi, sai na takardar da ta fi zama ta baya-bayan nan.

Rahotannin wata uku-uku suna da nasu tarkon. Da yawa tarawa suke daga farkon shekara: 20 a kashin farko, 45 a na biyu, 70 a na uku, 100 a na huɗu. Wanda bai lura ba zai tara ya samu 235, alhali 100 aka kashe. In lambobin kullum hawa suke ba sauka, ki duba kan teburin da kyau, sannan ki ɗebe kowane kashi daga wanda ya biyo shi.

Shekarar kuɗi ma ba ɗaya ba ce a ko'ina. Ƙananan hukumomin Ingila suna farawa 1 ga Afrilu su rufe 31 ga Maris. Birnin New York da biranen Afirka ta Kudu suna farawa 1 ga Yuli. Faransa da ƙasashe da dama suna bin Janairu zuwa Disamba. Don haka rubuta "2022" kaɗai bai isa ba in shekarar ta ratsa biyu. Ki sa ranar farawa da ranar rufewa a wani ƙaramin tebur na bayanin takardunki, da tsarin shekara-wata-rana, kamar 2022-07-01, wanda ba ya rikicewa tsakanin kwamfutoci.

Sai ɓangaren kuɗin shiga. Takardu da yawa suna jera rance da ragowar kuɗin bara tare da haraji da tallafin gwamnatin sama, domin a nuna kasafin ya daidaita. A ƙa'idar ƙididdigar kuɗin gwamnati ta Asusun Ba da Lamuni na Duniya, bugun 2014, rance ba kuɗin shiga ba ne, hanyar cike giɓi ce, haka nan biyan uwar bashi ba kashe kuɗi ba ne. Kuɗin ruwan da ke kan bashin ne kaɗai ake lissafawa cikin kashewa. In ba ki ware su ba, birnin da ya ci bashi mai yawa zai fito a zanenki kamar wanda harajinsa ya bunƙasa.

Ciro lambobi daga PDF

Kafin komai, ki gwada ja da linzamin kwamfuta a kan rubutun. In ya zaɓu, PDF ɗin na rubutu ne, manhajar Tabula, wadda kyauta ce, za ta ciro teburin. Tana da hanya biyu: Lattice don teburin da aka zana wa layuka, Stream don wanda fili kawai ya raba ginshiƙansa. Ki gwada duka a shafi guda ki ga wadda ta fi tsabta, kuma ki riƙa zana akwatin a kan teburin kaɗai, ban da kan shafi da lambar shafi. In rubutun bai zaɓu ba, hoto ne aka ɗauka, sai an bi ta manhajar karanta hoto irin su Tesseract, wadda ke iya mai da sifili harafin O, ta mai da 1 ƙaramin harafin L, ko ta haɗiye waƙafi. In shafukan ba su wuce ashirin ko talatin ba, shawarata mutum biyu su buga lambobin da hannu, kowa nasa daban, a kwatanta. Inda suka saɓa, nan kuskure yake.

Tun kafin wannan wahala, ki rubuta wa ofishin ma'aji ko sashen kasafi ki nemi fayil ɗin asali. PDF ɗin daga wani tebur aka fitar da shi, kuma samun shekara ɗaya a Excel alama ce cewa sauran ma suna nan.

Fayil ɗin da kika samu, ko kika ciro, kada ki taɓa yin gyara a kansa. Ki ajiye shi yadda ya zo, ki yi aiki a kan kwafi.

Ɓarnar da ke biyo bayan cirowa iri ɗaya ce kusan kullum. Dogon suna yakan karye ya zama layi biyu, na biyun ba lamba. Sunan sashe yakan fito sau ɗaya a gurbin da aka haɗe, layukan ƙasansa su zama ba uba, sai an cika musu sunan har ƙasa. Akantoci suna rubuta lambar ragi cikin baka biyu, wani lokaci kwamfuta ta ɗauke ta a matsayin rubutu ta tsallake ta wajen tarawa. Takardun Faransanci suna raba dubbai da fili, su sa waƙafi inda na Ingilishi ke sa ɗigo, a Jamus kuma 1.250 na nufin dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin. Ki kuma duba saman kowane tebur ko an rubuta cewa lambobin na dubbai ne ko na miliyoyi. Ba abin mamaki ba ne shekara ɗaya ta zo da cikakkun lambobi, ta gaba ta zo a dubbai. Ki mai da kowa cikakkiyar lamba.

Lambobin asusu suna buƙatar kulawa ta daban, domin Excel na ɓata su ba tare da ya faɗa ba. Yana cire sifilin gaba, 0210 ta koma 210. Yana mai da 01.10 ta zama 1.1, ta haɗe da wani asusu dabam. Yana iya ɗaukar 3-12 a matsayin kwanan wata. Lambar da ta wuce alƙaluma 15 kuma, sauran sai ya mai da su sifili, kuma tsarin asusun da ke haɗa sashe, aiki, tushen kuɗi da yanki cikin lamba guda yana iya kai wannan tsawo. Don haka kada ki buɗe fayil ɗin CSV, wato tebur na rubutu zalla irin wanda Tabula ke fitarwa, da danna shi sau biyu. Ki shigo da shi ta hanyar shigo da bayanai, ki ayyana ginshiƙin lambar asusu a matsayin rubutu tun kafin ya shiga. Wajen ajiyewa ki zaɓi tsarin haruffa na UTF-8, in ba haka ba haruffa masu lanƙwasa da masu wasali na Faransanci za su koma tarkace.

Gurbin da ba komai a ciki da gurbin da aka rubuta sifili ba ɗaya ba ne. Sifili na nufin an ce ba a ware komai ba. Fili na iya nufin layin bai wanzu ba a shekarar, ko ba a kawo rahoto ba. Ki bar fili a filinsa.

Siffar teburin

Ƙa'idar da masanin ƙididdiga Hadley Wickham ya yaɗa a 2014 ita ce mafi amfani a nan: kowane ginshiƙi abu guda, kowane layi lura guda. A kasafi wannan na nufin kowane layi lamba ɗaya tak yake ɗauka. Takardar hukuma tana jera shekaru da matakai (wato gabatarwa, amincewa, gyarawa da kashewa) a kwance, ginshiƙin 2021, ginshiƙin 2022. Naki teburin ya kamata ya zama dogo: shekara ginshiƙi guda, mataki ginshiƙi guda, shiga ko fita, asusu, lambar sashe, sunan sashe yadda aka rubuta shi, lambar layi, bayanin layi, ko na yau da kullum ne ko na manyan ayyuka, sannan adadi. A ƙarshe ki ƙara biyu da ake yawan rainawa: sunan takardar da lambar ta fito, da lambar shafi. Ranar da wani jami'i ya ce alƙalumanku ƙarya ne, waɗannan biyun za su ba ki amsa cikin minti guda.

Ba sai kin juya teburin da hannu ba. Power Query da ke cikin Excel yana da umarnin Unpivot mai yin wannan, OpenRefine, manhajar tsabtace bayanai, ma yana yi. Amfanin duka biyun shi ne suna riƙe jerin matakan da kika bi, in kasafin baɗi ya zo da tsari iri ɗaya sai ki sake kunna su. Dogon tebur ba ya da daɗin karantawa, kuma ba don karantawa aka yi shi ba. Daga shi ake fitar da kowane taƙaitaccen tebur da kowane zane.

Gwaji da jimlar hukuma

Nan ne aikin yake tsayuwa ko ya faɗi. Ki yi ƙaramin tebur: kowane sashe a kowace shekara da kowane mataki, jimlar layukan asalinki a gefe, jimlar da takarda ta buga a gefe, bambancin a na uku. Ki fara daga rassa ki hau sama. Duba babbar jimla kaɗai yaudara ce, domin kuskure biyu na iya cinye juna.

Girman bambancin yakan faɗi irin kuskuren. In ya yi daidai da wata lamba da ke cikin takardar, an tsallake layin ko an maimaita shi. In rabinsa ne ya yi daidai da wata lamba, an juya alama, ragi ya zama ƙari. In ya rabu da 9 ba saura, akwai yiwuwar an musanya alƙaluma biyu: 5,420 da aka buga 5,240 bambancinsu 180 ne, wato 20 sau 9. Zamewar sifili ɗaya ma haka take rabuwa da 9. In bambancin ɗaya ne ko biyu a takardar da aka rubuta da dubbai, dunƙule lamba ne ya jawo, ki wuce.

Wani lokaci kuma ke ce da gaskiya, takardar ce ba ta tara daidai ba. Yana faruwa sosai, musamman in an cusa layi a ƙarshen lokaci ba a faɗaɗa lissafin jimlar ba. Kada ki gyara a ɓoye, kada kuma ki ƙirƙiro layin cike giɓi don lambobi su haɗu. Ki rubuta bambancin a takardar bayanin aikinki, ki tambayi ofishin kasafin, ki faɗa wa masu karatu wace jimla kika ɗauka.

Sunayen da suka saɓa

Saɓanin suna iri biyu ne, kuma maganinsu daban. Na farko na rubutu ne kawai: babban baƙi da ƙarami, gajarta suna, fili a ƙarshen kalma. OpenRefine yana tara sunaye masu kama da juna ya nuna miki, ke kuma ki amince ɗaya bayan ɗaya. Kada ki danna amincewa da duka a dunƙule, domin "gyaran hanyoyi" da "ginin hanyoyi" sun yi kama a rubutu, amma ɗaya na yau da kullum ne, ɗayan babban aiki.

Na biyu sauyi ne na gaske: an haɗe sassa biyu, ko an raba ɗaya, ko an ɗauke kwashe shara daga sashen lafiya zuwa na muhalli. A nan ki gina teburin dacewa, mai shekara, tsohuwar lamba, tsohon suna, da sabon rukunin da ke kika ba shi. Asalin sunan yana nan a ginshiƙinsa, ba a taɓa shi. Lamba ta fi suna amana, amma ita ma takan canza gaba ɗaya. Biranen Afirka ta Kudu sun koma sabon tsarin lambobin asusu na bai ɗaya a Yulin 2017, kuma duk mai kwatanta shekarun gaba da na baya sai ya bi ta teburin dacewa. Ƙa'idar da nake bi ita ce a haɗa, kada a raba. In ilimi da wasanni sashe ɗaya ne a 2021 suka rabu a 2022, ki haɗe su a duk shekarun. Raba na 2021 bisa hasashe ƙirƙirar lamba ce, sai fa in layukan asali sun nuna wanne na wane.

In kina son rukunin da ba zai motsa ba duk yadda hukuma ta sauya sassanta, akwai tsarin COFOG na Majalisar Ɗinkin Duniya, mai raba ayyukan gwamnati gida goma: gudanarwa, tsaro, doka da oda, tattalin arziki, kare muhalli, gidaje da ababen more rayuwa, lafiya, wasanni da al'adu da addini, ilimi, da tallafin jama'a. Yana yanke gardama a inda ake yawan ruɗewa. A lambobin tsarin, kwashe shara 05.1 ne, ƙarƙashin muhalli. Samar da ruwan sha 06.3 ne, fitilun titi 06.4, sufuri da hanyoyi kuma 04.5, ƙarƙashin tattalin arziki. Amfaninsa ya fi fitowa in za a kwatanta birni da birni. Ga birni guda, gida goman sun yi faɗi, tsaro ma galibi ba ya cikin aikin birni, don haka ki sa shi a ginshiƙi na ƙari, kada ya maye gurbin sassan da mazauna suka sani.

Kwatanta shekaru kuma ba ya yiwuwa da lambobin takarda tsagwaronsu. A ce kasafin sashe ya tashi daga miliyan 100 zuwa 120, hauhawar farashi kuma kashi 25 cikin ɗari ce. Ki raba 120 da 1.25, za ki samu 96. Kuɗin ya ƙaru a takarda, abin da zai iya saya ya ragu. Ki ɗauki ma'aunin farashi na hukumar ƙididdiga ta ƙasar, matsakaicin watannin shekarar kuɗin, ki zaɓi shekara guda ta zama tushe, ki rubuta ta a jikin zanen. Adadin asali ya zauna a ginshiƙinsa, wanda aka daidaita a sabo. Raba kuɗi da yawan jama'a yana sa lambar ta zo kusa da fahimtar mutum, amma ƙarfinsa ƙarfin ƙidayar ne. In hasashe aka ɗora a kan tsohuwar ƙidaya, ki faɗi haka, ki dunƙule sakamakon.

Zanen

Ki fara da tambaya guda, zane guda ya amsa ta. Ina kuɗin ya tafi? Sanduna a kwance, a jere daga babba zuwa ƙarami, sunayen sassa a hagu inda dogon suna zai samu wuri. Binciken Cleveland da McGill na 1984 ya nuna ido ya fi iya auna tsawo da matsayi a kan kusurwa da faɗin fili, shi ya sa da'ira mai yanka goma sha biyar ba ta gaya wa kowa komai. Sanda dole ta tashi daga sifili. In sassa sun yi yawa, ki nuna manya bakwai ko takwas ki haɗe sauran, amma in "sauran" ya fi wasu manyan girma, kin haɗe da yawa.

An kashe abin da aka ce za a kashe? Wannan shi ne zanen da ya fi yi wa ƙungiya irin taku amfani, kuma shi aka fi mantawa da shi: kowane sashe da sanda biyu ko uku a jere, abin da aka amince, abin da aka gyara, abin da aka kashe. Ki raba na yau da kullum da na manyan ayyuka, domin albashi kusan kullum ana biyansa, giɓin a manyan ayyuka yake taruwa, in aka haɗe su sai albashin ya lulluɓe shi.

Shekara uku ta yi kaɗan ga zanen layi mai nuna alƙibla, gada guda da aka gina a shekarar tsakiya ta isa ta sa layin ya yi tsalle. Ƙananan sanduna uku ga kowane sashe sun fi gaskiya. Zanen Sankey, mai nuna kwararar kuɗi daga tushe zuwa sassa, yana da kyau a ido, amma yana buƙatar shiga da fita su daidaita, kuma yana sa mai kallo ya ɗauka harajin kaza ne ya biya aikin kaza, alhali mafi yawan kuɗin a asusu guda yake haɗuwa. In za ki yi shi, ki sa duk kuɗin shiga su zuba a gurbi ɗaya a tsakiya kafin su rabu. Shafukan zane na intanet Datawrapper da Flourish suna karɓar CSV su fitar da zanen da ke buɗuwa a waya. Ki gwada a ƙaramar waya kafin ki saki, ki kuma guji bambanta abu biyu da ja da kore kaɗai saboda masu matsalar ganin launi. A ƙarƙashin kowane zane a rubuta shekara, mataki, ko an daidaita da hauhawar farashi, da takardar da lambobin suka fito.

Akwai iyakar da ya kamata ku sani kafin ku fita bainar jama'a. Tebur, komai tsabtarsa, abin da aka rubuta yake nunawa. In an rubuta an kashe miliyan 30 a rijiyoyin burtsatse, bai ce an haƙa su ba. Wannan sai an je wurin, ko an ga takardun kwangila da rahoton mai binciken kuɗi. Haka kuma ƙarancin kashewa ba lalle sakaci ba ne: tallafin da ake jira daga sama yana iya makara, ko a ce hukumar tana rubuta kuɗi ne ranar da aka biya, ba ranar da aka yi aikin ba, sai aikin Disamba ya fito a lissafin shekara mai zuwa. Wace hanya birninku ke bi, tana rubuce a bayanan farko na rahoton kuɗinsa na shekara, ki karanta su kafin ki fassara kowane giɓi. In kun ga lambar da ta ba ku mamaki, ku aika wa ofishin kasafin da sunan takarda da lambar shafi, ku ba su wa'adin amsawa, sannan ku wallafa teburin CSV ɗin da teburin dacewar tare da zanen, domin duk mai shakka ya tara da kansa.